Godiya ga Ubangiji da duk wanda ya tsaya mana

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Tunda aka sallamo mu daga asibiti waya bata huta ba, kira da saƙonni da masu zuwa barka, wasu na ɗauka wasu kuma ina barci ko ina fama da shayarwa, shi yasa nace bari in rubuta anan kowa ya gani dan bazan iya bin ku ɗaya bayan ɗaya ba. Ni da jaririyar muna nan da rai kuma muna samun sauƙi. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Na kusa da mu sun san cikin nan bai zo da sauƙi ba. Na sha ɓari a baya, toh da wannan ya zauna sai muka yi shiru da bakinmu har ya fito da kansa. Yana shiga wata shida aka fara ganin jinina yana hawa a wajen awo, aka ɗora ni kan magani, daga baya suka ce sun ga furotin a fitsarina, wai alamar hawan jinin nan ne na masu ciki wanda in an barshi yake kai mace ga jijjiga. Ƙafafuna suka kumbura kamar turmi, takalmi ya daina shiga, zoben aurena ma sai da sabulu aka cire. Mutane da yawa sun ce min ai kumburi al'adar ciki ne, wasu har da cewa alamar tagwaye ne in kwantar da hankalina. Daren da abin ya tashi kaina ne ya fara sarawa, ina ganin wani ƙyalli ƙyalli a idona, ga ciwo ta ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, maigida ya auna ni da ɗan injin da muka saya yaga ya wuce 160/110, kuma dama nas ta gaya mana in ya kai nan kada mu jira gari ya waye.

Godiyata ta farko bayan Allah ga maƙwabcinmu Alhaji ne da Hajiyarsa. Tsakar dare, ga sanyin Jos na hunturu, ba keke ba mashin a hanya, ƙwanƙwasa ɗaya maigida yayi Alhaji ya fito da makullin mota ko tambaya bai tsaya yi ba. Hajiya ta shiga baya ta ɗora kaina a cinyarta tun daga Bukuru har asibitin Jankwano, tana addu'arta ina tawa. Alhaji bai tafi ba sai da yaga an karɓe ni, kuɗin mai ma da aka bashi washegari yaƙi karɓa yace ai maƙwabtaka ta wuce haka. Allah ya saka muku, ya raya muku zuri'a.

Likitoci da nas nas da unguwarzoma na Jankwano, ban san sunayen yawancinku ba amma fuskokinku bazan manta ba. Suka min allurar magnesiyam mai hana jijjiga, wadda ta taɓa sha ta san zafinta, jiki gaba ɗaya yana ɗaukar wuta. Suka min wata kuma dan huhun jaririyar yayi ƙwari tunda lokacinta bai yi ba, cikin bai kai wata takwas ba. Likitan ya zauna ya mana bayani da Hausa a hankali, yace magunguna suna sayen lokaci ne kawai, ciwon daga mabiyiya yake kuma baya tafiya sai an raba ni da ita, wato sai an ciro yarinyar. Da suka ga jinin yaƙi sauka kuma bugun zuciyarta ya fara canzawa sai suka ce tiyata, yanzu yanzu.

Anan ne nake so in ɗan tsaya, dan abin yana raina. Tun ina da ƙaramin ciki akwai masu ƙaunata da gaske da suke min addu'a suna cewa zaki haihu kamar matan Ibraniyawa, wuƙa bazata taɓa jikinki ba, kice Amin. Ina cewa Amin kuwa da dukan zuciyata. Har a daren ma akwai wadda ta kira maigida tace kada ya sa hannu a takardar, a bari ayi addu'a tukuna, sa hannu rashin bangaskiya ne. Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, ban riƙe ta a zuciya ba. Amma Baba Fasto da ya iso asibitin da rigar sanyi a kan kayan barcinsa, abinda yace wa maigida shine ɗana sa hannu, Allahn da muke roƙo shi ya ba mutanen nan ilimin, Luka ma da ya rubuta bishara likita ne. Ya kama hannuna yayi addu'a gajeruwa, ya roƙa wa likitocin natsuwa, aka tura ni. Labarin matan Ibraniyawan nan dake Fitowa sura 1, magana ce da unguwarzoma suka faɗa wa Fir'auna lokacin da suka ƙi kashe jarirai maza, ba doka bace da aka kafa wa kowace mace mai bi. Ina da tabon tiyata a marata yanzu kuma ko kaɗan bana jin kunyarsa, ta nan Ubangiji ya bi ya cece mu mu biyu.

Bazan ce muku ban ji tsoro ba. A kan gadon nan duk ayoyin da na haddace tun makarantar Lahadi suka gudu, abinda ya rage a bakina shine addu'ar mahaifin yaron nan a Markus sura 9, wanda yace ya ba da gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ita nayi ta maimaitawa har naji wani ɗan siririn kuka.

Bayan aikin na zubar da jini sosai. Zumuntar matasa da 'yan kwaya na ikilisiyarmu, ance saƙo ɗaya aka tura a WhatsApp kafin gari ya waye kun cika bakin ɗakin gwajin jini, wasunku ɗalibai ne ko karyawa basu yi ba, wasu jininsu bai dace da nawa ba amma suka bayar dan a mayar wa asibiti abinda aka ɗauka. Jinin wasunku ne yake yawo a jikina yau. Me zan ce muku? Ubangiji ya tuna da ku a ranar bukatarku.

Yarinyar ta zo bakwaini, bata kai kilo 2 ba, aka sa ta a kwalba da robar abinci ta hanci. Nas ɗin ɗakin jarirai su suka koya min tatsar nono a ɗan kofi, suka koya min ɗaure ta a ƙirjina fata da fata in rufa da zani dan ɗumin jikina ya riƙe ta, babanta ma yana karɓa ta in na gaji, har yanzu haka muke yi a gida saboda sanyin nan. Akwai wata Mama cikinsu da take aikin dare, in ta ganni ina kuka a bakin kwalbar sai ta fara rera waƙar sujada ƙasa ƙasa tana aikinta, bata ce min komai.

Zumuntar mata, iyayena, kun san abinda kuka yi. Kuka raba kwanaki a tsakaninku, yau wannan ta kawo gwate gobe waccan ta kawo kunun gyaɗa da ruwan zafi a fulas, kuka wanke kayan da ni kaina zan ji nauyin ba wani, kuka haɗa kuɗi daga aljihunku a wannan tsadar aka rage mana bil ɗin asibiti. Uwar zumunta ta kwana a benci. Mama, uwar mijina, na gode da kika taso daga ƙauye kika bar gonarki, kuma na gode da kika saurari likita kika ajiye kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa duk da haka aka yi miki kuma haka kika yi wa 'ya'yanki, yace kanwa gishiri ce tana ƙara hawan jini tana wahal da zuciyar mai jego, kika ce toh ba gardama. Mamata da ƙannena, Allah ya bar zumunci. Maigida kuma, kai da ka sayar da abinda ka sayar baka gaya min ba sai da naji a bakin wani, sauran maganar a gida zan faɗa maka.

Akwai wata baiwar Allah da gadonta yake kusa da nawa, daga wani ƙauye mai nisa aka kawo ta tana jijjiga, kafin su iso ɗan ya riga ya rasu a ciki. Ita ma mai bi ce, ita ma tayi addu'a, ban fi ta bangaskiya ba ko kaɗan, nafi ta kusa da asibiti ne kuma na samu mota a daren. Ita ce ma take ce min in daina kuka yarinyata zata rayu. Hukumar lafiya ta duniya tace fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke mutuwa a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya suke. Dan Allah in kuna min murna ku sa ta a addu'a, ita da mijinta. Ku mata masu ciki kuma kuje awo, in kai yana sarawa ko ido yana ganin ƙyalli ko fuska da hannu sun kumbura kuje a auna jininku a ranar, ayi addu'ar a cikin mota.

Har yanzu ina shan maganin hawan jini kuma muna komawa a duba nauyin yarinyar, so masu zuwa barka kuyi haƙuri in bamu baku ita kun ɗauka ba, likita ne ya hana, mai mura kuma ya dakata tukuna. Da zarar tayi ƙwari zamu kawo ta majami'a a miƙa ta ga Ubangiji mu yi sujadar godiya, zan sanar da ranar anan, kuma Alhaji da Hajiya ku ma muna gayyatarku cin abinci a gida bayan an tashi. Mun gode, mun gode, Allah ya albarkace ku duka. Amin.