Mutum Hamsin ɗin da Ba a Ambaci Sunayensu Ba

Duk ranar 2 ga watan Mayu, masu karanta littattafan Harry Potter sukan tuna da waɗanda suka mutu a yaƙin Hogwarts, makarantar koyon sihiri ta cikin labarin, domin a irin wannan rana ta shekarar 1998 aka gwabza yaƙin bisa lissafin labarin. Ina cikin masu wannan juyayi tun da na karanta littafi na bakwai, wanda ya fito a watan Yulin 2007, kuma sanin da na yi cewa mutanen ƙagaggu ne bai taɓa rage mini nauyin da nake ji a zuciya ba.

Juyayin nan har ya samu wurin zama a bayan ƙasa. A bakin tekun Freshwater West da ke yankin Wales, inda aka ɗauki fim ɗin mutuwar Dobby, ɗan aljanin gida da ya ba da ransa tun kafin yaƙin ƙarshe, masoya sun tara duwatsu a matsayin kabarinsa, suna ajiye safa a kai saboda safa ce ta 'yantar da shi daga bauta. Tarin ya yi yawa har hukumar National Trust mai kula da wurin ta roƙi baƙi a shekarar 2022 da su daina barin safa da fentattun duwatsu, don kada su cutar da halittun teku. Ita ma marubuciyar, J.K. Rowling, ta yi shekaru tana neman afuwar masu karatu a wannan rana: a 2015 kan mutuwar Fred Weasley, a 2016 kan ta Remus Lupin.

Waɗannan sun cancanci a tuna da su. Fred ya tafi ya bar ɗan'uwansa George da aka haife su tagwaye, Lupin da matarsa Tonks kuwa sun bar jariri maraya a hannun kakarsa. Wanda ya fi taɓa ni cikin masu suna shi ne Colin Creevey, yaron da shekarunsa ba su kai na shiga yaƙi ba, aka ce ya fice tare da ƙananan ɗalibai, amma ya saci jiki ya dawo, daga baya aka shigo da gawarsa ɗauke a kafaɗa.

Sai dai littafin ya ce bayan waɗannan akwai wasu mutum hamsin da aka shimfiɗe gawarwakinsu a babban zauren makarantar, zauren da ɗalibai suka saba cin abinci a cikinsa, kuma bai faɗi sunayensu ba. Babu kabarin da aka tara musu duwatsu a kai, babu shekarar da aka keɓe don neman afuwa kan ɗayansu. A ganina, duk wani bangon tunawa da masoya za su zana wa wannan yaƙi, idan bai bar gurabe hamsin babu rubutu ba, to bai cika ba, domin kowannensu yana da iyaye ko 'ya'yan da suka kwana suna jiran dawowarsa.

Shi ya sa a wannan rana nakan buɗe shafin da aka ambace su, in karanta sunayen nan huɗu, wato Fred da Tonks da Lupin da Colin, sannan in tsaya a kan adadin nan na hamsin, in daɗe kafin in juya shafin.