Jos ɗin da ba a kai baƙi

Duk baƙon da ya zo Jos sai ka ji ana cewa a kai shi Wildlife Park ko Dutsen Shere, a ɗau hoto a koma gida. Ni dai in ka sauka wajena bayan gidan tarihi zan ja ka, wurin da ake kira MOTNA, wato gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa, wai a tsakiyar duwatsun Filato! Ka shiga masallacin nan ka ɗaga kai ka ga daurin rufin nan na bakan gizo irin aikin Babban Gwani, maginin da ya gina na Zariyan, sanyi na ratsa ka, ba kowa sai kai da ƙadangaru. Damina ta ci wasu sassan sosai, abin da ciwo wallahi.

Shi gidan tarihin tun 1952 aka buɗe shi, kawunan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da aka tono, na ciki, amma ni tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da ke waje sun fi burge ni, na siririn layin dogon da ya taso daga Zariya saboda kuza, aka rufe layin a 1957, 'yan ƙanana da su.

In akwai sauran mai a mota ku gangara Rayfield ko Bukuru ku ga tafkunan da haƙar kuza ta bari. Kyau kam akwai, amma kar wanda ya ce zai yi iyo, zurfinsu ba wasa ba ne. Ku taho da rigar sanyi in lokacin hunturu ne.