Daga Zariya zuwa wata Zariyar

Ranar da na sauka a tashar Maraɗi, ƙarshen 2017, na ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ni unguwar Zariya. Ya ce dala arba'in. Nan take na sauke jakata daga kan babur, don mu a wajenmu in aka ce dala, kuɗin Amurka ake nufi. Wani dattijo mai goro ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ɗana, dala guda ai sefa biyar ce." Ashe sefa 200 yaron yake nema. Haka Bazazzage ya baro Zariya ya zo ya kama haya a wata Zariyar.

Ƙwallon kwando ce sana'ata. A Samaru na taso, a filin Jami'ar Ahmadu Bello, inda Ba'amurken nan Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da yara. Ta hannunsa Masai Ujiri ya bi, wanda ke shugabantar Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Ni rabona bai kai can ba. Shekara tara na yi ina bugawa a gasar ƙasa, albashi wata ya zo wata ya maƙale, har gwiwar dama ta ce ta gaji. Wani Alhaji mai safarar kaya ne ya ce min wata makarantar kuɗi a Maraɗi na neman mai horar da yara. Na ce ai gida ne: daga Katsina ka bi ta Jibiya da Ɗan Isa, ko kilomita ɗari ba ka yi ba.

A fili na gane ni baƙo ne. Hausa muke yi gaba ɗayanmu, amma da an ɗaga ƙwallo sai bakinmu ya rabu. Ni da Ingilishi na koyi wasan, su da Faransanci. In yaro ya yi tafiya da ƙwallo a hannu sai su yi ihu "marshe!", maki kuwa da Faransanci ake ƙirga shi, ni ina tsaye da usur kamar kurma a kasuwa. Da abin ya ishe ni na tara su, muka raɗa wa komai suna da Hausa. Tare wa abokinka mai gadinsa ya zama "bango", cafke ƙwallon da ta faɗo daga kwando ya zama "wawaso". Su kuma suka raɗa min Mushe, wato monsieur na Faransanci da suke kiran malami da shi, har yau ba wanda ya san sunan yankana.

Maraɗi garin kokowa ne, wannan ba gardama. Nan ne garin Kantu, wanda ya fara zama sarkin kokowar Nijar a 1975, kuma in ana gasar takobi, wato babbar gasar kokowa ta ƙasa, ko alewa nake rabawa ba yaron da zai zo fili. Da farko haushi nake ji. Daga baya na lura yaron da ya saba kokowa ba sai na koya masa durƙusawa ba: ya kafa ƙafa a ƙarƙashin kwando, ko da mota ba ka ture shi. Matsalarsu ɗaya, hannu. Sun saba kama mutum. A wasanmu na farko uku daga cikinsu suka cika laifi biyar aka fitar da su, suna mamakin me suka yi.

Iyaye ma sai da lallashi. Wani uba ya tare ni a ƙofar lakwal, wato makaranta, ya ce, "Mushe, wanga wasa mi ake samu cikinshi?" Na zage ina ba shi labarin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya je ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995. Ya saurare ni tsaf. Da na ce har yana azumi ya buga, sai ya gyaɗa kai ya ce in dai ɗansa zai yi la'asar kafin ya shiga fili, ya yarda.

Iyakar da na raina ita ta fi koya min hankali. Da Najeriya ta rufe ta a watan Agusta 2019, ƙwallaye da ragar da nake sarowa daga Kano suka yanke, muka koma saƙa raga da igiyar leda. A 2023, bayan juyin mulki, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, muka mayar da atisaye bayan sallar asuba. A fada kuwa, wajen shayi, duk lokacin da aka taɓo zancen sai idanu su juyo kaina, kamar ni na kashe makunnin. Amma kofin farko ni ake miƙa wa.

Da babbar sallar bara na je Samaru. Ina cikin ba Inna labari ta dakatar da ni ta ce, "Kai, tun yaushe ka koma cewa mi?" Ban ankara ba sai ga ƙanena yana dariya, wai da safe ma ya ji ni ina tambayar mai ƙosai na dala nawa ne.