Godiya Ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana Ranar Talata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo autana daga asibiti jiya da hantsi. Yanzu haka ma yana tsakar gida yana rigima da yayyensa a kan ƙwallo.

Ga waɗanda labarin bai iske ba: ƙudan zuma ne ya harbe shi a wuya bayan La'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Kafin minti 10 jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe ya kumbura suntum. Ni dai Piriton na sani tun ina yarinya, sai na saɓe shi muka ruga kemis ɗin unguwa.

Mai kemis ɗin nan, ban san bakin da zan gode masa ba. Kunne ya kara a ƙirjin yaron, ya ji numfashin na fita da ƙara kamar ana fito, ya ce, "Hajiya, wannan ya wuce Piriton, ku nufi asibiti yanzu-yanzu." A lokacin har haushinsa na ji, Allah ya yafe mini. Da kansa ya tare mana adaidaita sahu, shi kuma direban ko kwabo ya ƙi karɓa.

A ɗakin agajin gaggawa ba a tsaya zancen kati ba. Allurar adiranalin, mai buɗe hanyar numfashi, aka fara yi masa a cinya, aka sa masa iskar oksijin da ƙarin ruwa. Sai da numfashi ya daidaita sannan aka ba shi maganin nan da na fita nema. Likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani: Piriton na tare aikin sinadarin histamin ne, wanda jiki ke fitarwa ya jawo ƙaiƙayi da kumburi, yana kwantar da ƙaiƙayi da borin jini, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya fara toshewa, ba ya ɗago jinin da ya yi ƙasa. Ga shi ƙwayar kan ɗauki lokaci kafin ta fara aiki, kuma tana sa barci, da na zaci sauƙi ne ya samu. Kwana aka ba mu, domin abin kan iya dawowa bayan wasu awanni. Likita da malaman jinya, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

'Yan dubiya, masu waya, da maƙwabciyata da ta kwana da sauran yaran, na gode, Allah ya bar zumunci. Mai farar kula da aka kawo mana faten wake a ciki, tana nan a wanke, har yanzu ban gane ta wace ce ba.