Jikin matashi da bakin iyaye

'Yan mata sukan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, samari kuwa 9 da 14. Jikin yarinya yakan tara kitse a ƙugu da cinyoyi, alamar lafiya ce, amma gyararrun hotunan Instagram suna nuna mata aibi ne. Shi yaro damuwarsa tsawo da ƙwanji. Wani nononsa kan ɗan kumbura, yawanci ya saɓe cikin shekara 2, kunya ta hana shi faɗa.

Kada a zolayi ɗayansu da ƙiba ko rama, ko da wasa, domin maganar iyaye tana zama a zuci. Idan matashi ya fara tsallake abinci, yana ramewa da sauri, ko al'adar yarinya ta ɗauke wata 3, a kai shi wurin likita.