Kifin teku daga taru zuwa garwashi a gaɓar Akra

Mu da muka tashi nesa da teku, saninmu da kifi bai wuce tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa na koguna da madatsun ruwa ba, sai kuma bandar da ake kawowa cikin kwanduna, da kifin kwali wanda ya yi watanni a daskare kafin ya iso kasuwa. Shi ya sa hannunmu ya saba da soya kifi har ya bushe ƙayau, da kuma cika shi da kayan yaji domin a kashe ƙarni. Zaman da nake yi a Sabon Zango na birnin Akra, inda tafiya kaɗan ce ta raba mutum da gaɓar Korle Gonno da Chorkor, ya nuna mini cewa kifin da aka fito da shi daga teku yanzu-yanzu ba ya buƙatar wannan wahala. Daɗinsa ya rataya ne a kan tsawon lokacin da ya yi tsakanin taru da wuta, da irin riƙon da aka yi masa a cikin wannan lokacin.

Gaɓar tekun Gana ta kai tsawon kilomita 550 ko kusan haka, daga Aflao a kan iyakar Togo har zuwa iyakar Kwaddibuwa, kuma kifi ne ke ba mutanen ƙasar kusan kashi 60 cikin 100 na abinci mai gina jiki da suke samu daga dabba. Kakar masunta tana faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ɗauke da abincin ƙananan halittu, sai ƙaramin kifin nan dangin sardin da ake kira amane ya biyo shi zuwa kusa da gaɓa garke-garke. Mai son ganin masunta a bakin aiki kada ya je ranar Talata, domin masuntan ƙabilun Ga da Fante ba sa shiga teku a wannan rana. Sai dai ya tarar da su zaune a inuwar kwalekwale suna ɗinkin koma.

Kamun da ya fi shafar mutumin da ke tsaye a kan yashi shi ne jan taru, kuma a Bortianor, yamma da Akra kusa da inda kogin Densu ke shiga teku, na fi kallonsa da kyau. Tun da asuba ake tura kwalekwale, wanda aka sassaƙa daga gungumen itacen wawa guda, a bar bakin igiya ɗaya a hannun mutanen gaɓa. Matuƙa suna tafiya suna zuba tarun har su zana rabin da'ira a cikin ruwa, sannan su dawo da ɗaya bakin igiyar can nesa da inda suka tashi. Saman tarun yana ɗauke da abubuwan da ke sa shi yawo a kan ruwa, ƙasansa kuma an ɗaure masa dalma domin ya riƙa shafar ƙasa, a tsakiya akwai aljihun da kifi ke taruwa a ciki. Daga nan sai a yi sahu biyu, kowane sahu a kan igiyarsa, ana ja ana waƙa domin ƙafa ta faɗi lokaci guda, wanda ya kai ƙarshen sahu ya saki ya koma gaba ya sake kamawa, wani kuma yana naɗe abin da aka jawo a gindin kwakwa don kada igiyar ruwa ta ƙwace shi. Aikin yakan ci sa'a uku ko huɗu, sahun biyu suna matsowa kusa da juna a hankali, kuma idan aljihun ya kusa fitowa samari sukan faɗa ruwa su danne ƙasan tarun da ƙafa, saboda a nan ne kifi mai wayo ke sulalewa. Duk wanda ya sa hannu a igiya, ko baƙo ne, yana da ɗan rabonsa idan an juye kamun, wannan kuwa al'ada ce da nake ganin girmanta ƙwarai.

Akwai kuma masu jefa fatsa daga kan duwatsu, da gutsuren amane ko jatan lande a bakin ƙugiya, waɗanda suka fi samu da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana. Sharaɗin wannan kamun shi ne mutum kada ya taɓa juya wa teku baya, domin dutsen yana da santsi, igiyar ruwa kuma ba ta zuwa da girma ɗaya.

Abin da ke ɓata mini rai idan an buɗe aljihun taru a shekarun nan shi ne yawan leda da robar ruwa da ake tsincewa kafin a kai ga kifi, da kuma ƙananan kifayen da ba su kai tsawon yatsa ba, waɗanda ƙanƙantar idon taru ta hana su fita. Dattawan masunta suna faɗa a fili cewa amane ya ragu matuƙa, suna ɗora laifin a kan manyan jiragen kamun kifi da ke share teku, da masu kunna fitila cikin ruwa da dare, da masu jefa nakiya ko zuba guba, duk da cewa doka ta haramta waɗannan hanyoyi. Mai saye ma yana da hannu a cikin lamarin, domin muddin ana sayen jariran kifi, za a ci gaba da kamo su.

Da zarar an juye kamu, ciniki ya koma hannun mata, kuma a wurinsu ake koyon zaɓe. Wata dattijuwa mai sayar da kifi, wadda ta iya Hausar Zango tsaf, ta ga na miƙa hannu zan ɗauki wani ƙaton barakuda, dogon kifin nan mai kaifin haƙora, sai ta ce, "Ɗana, ba girma ake saya ba, ɗaga kunnensa ka gani." Na ce, "To Inna, me zan duba?" Ta sa babban yatsa ta buɗe marfin kunnen wani jan kifi da ke gefe, sai ga cikin ja wur yana sheƙi, babu yauƙi, ta danna gadon bayansa naman ya taso nan take bai bar gurbin yatsa ba, sannan ta ɗaga shi ta wutsiya ya tsaya a sanƙare. Idon sabon kifi garau yake kuma a tashe, ƙamshinsa na ruwan gishiri ne kawai. Ƙarnin da muke ta yaƙi da shi a girki alama ce ta kifin da ya fara tafiya.

Daga wannan lokaci rana ce abokiyar gaba. Ina zuwa gaɓa da roba mai marfi da dakakkiyar ƙanƙara, a shimfiɗa ƙanƙara a ƙasa, a jera kifi, a sake rufe shi da ita. Wannan ya fi zama dole ga amane da kifin tuna da kifin makarel, wanda mutanen nan ke kira saman, domin idan suka jima cikin zafi ƙwayoyin cuta na haifar da wani sinadari mai suna histamin a namansu, wanda dafuwa ko suya ba sa kashe shi, yana kuma jawo jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai jim kaɗan bayan ci. Kifin nan mai kumbura ciki idan an taɓa shi kuwa a bar shi inda yake, saboda yana ɗauke da dafi mai kisa a hanta da ƙwai.

Gyaran kifi a gida ya fi, da ruwan famfo mai tsabta, domin ruwan bakin gaɓa a kusa da tafkin Korle ƙazantar gari ce ke kwarara cikinsa. Ana kankare ɓawon daga wutsiya zuwa kai, a yanke ƙayoyin baya da almakashi, a tsaga cikin da bakin wuƙa sama-sama don kada maɗaciya ta fashe ta ɗaɗɗata naman, a ciro kayan ciki tare da jan abin da ke cikin kunne. Wurin da mutane da yawa ke mantawa shi ne layin baƙin jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki; a tsaga fatar da ta rufe shi, a kankare da ƙaramin cokali har ƙashin ya fito fari, domin daga nan ɗaci da wari ke farawa. Sai a ɗauraye sau ɗaya, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta. Jiƙa shi cikin ruwan lemon tsami na tsawon lokaci yana dafa fatar naman ya sa shi dagargajewa, don haka ni a kan faranti nake matsa lemon.

Ga jan kifi ko barakuda madaidaici, gashi ya fi komai. A yi masa tsaga uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, a shafa gishiri, sannan a cusa niƙaƙƙen citta da tafarnuwa da attaruhu da albasa da ɗan man gyaɗa a cikin tsagar da cikin cikinsa, a bar shi kamar minti 20. Gawayin kurfoti, wato murhun ƙarfe, sai ya gama ci ya zama garwashi mai farin toka a sama, ragar kuma ta yi zafi a shafe ta da mai. Idan an ɗora kifi a ƙyale shi, domin fatar da kanta za ta saki ragar idan ta gasu, mai gaggawar juyawa kuwa rabin fatar zai bari a kan waya. Juyi ɗaya ya isa. Kimanin minti 10 ake ba kowane kaurin santimita 2.5, kuma alamar nuna ita ce naman da ke jikin ƙashi ya koma fari ya rabu da shi cikin sauƙi alhali yana da sauran ruwa. A nan ana cin sa da dokunu ko banku, wato nau'o'in tuwon ƙullun masara mai tsami, da ɗanyen barkono da tumatir da albasa da aka niƙa a kaskon ƙasa, ko da shito, wato baƙin yajin Gana da ake soyawa da mai.

Wanda ya fi son romo ya gwada miyar masuntan Fante da ake kira fante-fante. Ana soya albasa cikin manja, a zuba niƙaƙƙen tumatir da attaruhu da citta su dahu har mai ya taso, sannan a jera gunduwar ɗanyen kifi a kai, a rufe, a rage wuta. Ba a sa ludayi a juya. Kunnuwan tukunyar ake kamawa a girgiza ta a hankali, kuma cikin minti 15 an sauke. Ƙananan amane kuwa gishiri da mai mai zafi kawai suke so, a ci har da ƙaya.

Ranar da kamu ya yi yawa har ya fi ƙarfin tukunya, sai banda. Murhun da ake kira Chorkor ya samo sunansa ne daga wannan unguwa ta Akra, inda aka ƙirƙiro shi a 1969 da haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Cibiyar Binciken Abinci ta Gana da matan unguwar. Gini ne na laka mai kusurwa huɗu da ƙofar wuta a ƙasa, a kansa ana ɗora farantan katako masu gindin raga, ɗaya bisa ɗaya har goma ko fiye, yadda hayaƙi da zafi za su ratsa su duka da itace kaɗan, ana sauya na sama da na ƙasa lokaci-lokaci. Matan sukan ƙara ɓawon kwakwa ko tuƙar rake a wutar domin kifin ya yi launin ja mai kyau. Bandar sa'o'i kaɗan tana ba da kifi mai taushi da za a ci cikin kwana biyu ko uku, wadda aka maimaita har kifin ya bushe kuwa tana yin watanni, kuma ita ce ake lodawa a manyan kwanduna zuwa kasuwannin Kumasi da Tamale da Bolgatanga.