Daji ba shi kaɗai yake aiki ba

A nan Damagaram kowa ya taɓa jin ana cewa ciwon daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya bazu. A estaj ɗina, wato koyon aikin asibiti, na sashen tiyata kullum sai na ji ta, wata tsohuwa ta riƙe min hannu tana cewa ɗana kar ku bari a yanka ta, alhali 'yar tata hammata duk kaluluwa ta yi tauri kamar tsakuwa. Ciwon ya riga ya yi tafiyarsa tun kafin a zo asibiti, ba wuƙa ba ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai a karatun shi ne yadda naman jikin da ke kewaye yake taya shi. Ƙwayar sankara sai ta fara sakin abin da ke manne ta da 'yan uwanta, ta fitar da sinadaran da ke narka shimfiɗar da take kai, ta kutsa. Kuma ƙullutun dajin ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 in ba jini, to sai ya aika saƙo jiki da kansa ya shimfiɗo masa sababbin jijiyoyi, wannan Judah Folkman ne ya kawo maganar a 1971 a Amurka. Har sojojin garkuwar jiki wasu sai ya juya su suna buɗe masa hanya maimakon su kashe shi, wallahi ranar da malam ya zana mana wannan a allo ajin shiru ya yi.

Ƙwayoyin sankarar da suka shiga jini yawancinsu mutuwa suke yi. Kaɗan ke tsira, su ma ba ko'ina suke kama ba. Tun 1889 Stephen Paget a Ingila ya bi bayanan gawar mata 735 masu sankarar mama ya ce abin iri da ƙasa ne, mu da muka san gero sai jigawa rake sai fadama ai ba sai an mana dogon bayani ba. Na mama ya fi son ƙashi, huhu, hanta. Na hanji hanta yake fara sauka don jinin hanji can yake bi.

Shi ya sa yanzu in mace ta zo da ƙullutu a nono ba na tsayawa nan, sai na taɓa hammata, na tambayi ciwon baya da tari, kafin a fara maganar tura ta Yamai.